Bangon da Ya Gaza da Yatsa Biyu

Shafi na 9

Na ga saƙonninku. Masu cewa na bar Zuleide tsaye a ƙofar gidan mutane kwana biyu cikin rana, gaskiyarku ne. To, mu shigar da ita.

*

Sau uku Zuleide ta tafa hannu a ƙofar gidan kafin ta ji motsi.

Shekara arba'in da ɗaya rabonta da ƙofar nan. Shuɗin fentin ya koɗe, amma ƙanshin da ke fitowa ta tagar bai canja ba: itacen umburana da tawada da ɗan kananzir. Tana shaƙarsa ta ji kamar ta koma 'yar shekara goma sha ɗaya.

Ba da son ranta ta zo ba. Ranar Asabar za a fito da littafin marigayi mahaifinta, Seu Aprígio, wato Malam Aprígio, irin wanda ake karantawa a waya. Waƙoƙi goma sha biyu ne, daga ƙananan littattafan da yake ratayewa a igiya yana sayarwa a kasuwar Caruaru. Asabar ɗin ce ranar da zai cika tasa'in da yana raye. Yayanta Genivaldo ya riga ya gaya wa duniya, har gidan rediyo ya je. Amma sau biyu ke nan kantin littattafan intanet yana dawo mata da bangon, wai bai yi ba. Yau kuma Laraba. In ba ta aika yau ba, ba za su gama dubawa kafin Asabar ba.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Kawu."

"Ke ce wa? Ba ki da suna?"

"Zuleide. Zuzu ta Aprígio."

Can ta ji an zare sakata.

Seu Baltazar ya ƙanƙance. Singileti ce a jikinsa, tabaraunsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Yatsun ne kawai ba su canja ba, baƙi ƙirin har ƙarƙashin farce. Shi ya sassaƙa duk bangon littattafan mahaifinta a kan katako, shi kuma ya riƙe ta ranar baftismarta. Sai rana ɗaya su biyun suka daina magana, babu wanda ya gaya wa yara dalili.

Ta rusuna ta kama hannunsa.

"Ka sa mini albarka, Kawu."

Ya daɗe yana kallon kanta.

"Har furfura," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Ke ba ruwanki. Shigo, kada maƙwabta su ce na fara tara 'yan mata."

Ɗakin aikin yana nan yadda ta bar shi. Dogon teburi, ɓawon katako a ƙasa, wuƙaƙen da yake ƙerawa da ƙarfen tsohuwar lema a jere cikin kofi. Ya tura mata kujera da ƙafa.

"Ba wannan ba, ƙafarta ɗaya ta mutu. Waccan."

Ya zuba mata kofi mai zaƙi a ƙaramin kofin gilashi, ya ajiye dambun masara a gabanta ba tare da ya tambaye ta ba.

"Ban je jana'izarsa ba," ya ce.

"Na sani."

"Ban kuma yi nadama ba."

"Na sani, Kawu."

"Uwarki ta san kin zo?"

"Ba ta sani ba. Tun da aka fara maganar littafin nan ba ta ce uffan ba. In na ɗauko zancen sai ta tashi ta duba wake."

"Uhm. To me ya kawo ki?"

Ta buɗe jaka ta fito da ɗan littafin. Ya yi ja saboda tsufa, ga tabon maƙalin shanya a samansa. *Akuyar da Ta Ƙi Hawa Mota.* A bangon, ga babbar mota cike da masu gudun fari, ga akuya ta kafe ƙafafu huɗu a ƙasa, ga yarinya tana jan igiya.

Bai taɓa shi ba. Amma ta ga leɓensa ya motsa.

Ita ma sai ta tsinci kanta a kasuwar Asabar ta da. Babanta a tsaye kan akwatin sabulu, hularsa ta fata a ƙeya, yana rera waƙar akuyar nan, mutane sun yi da'ira har da masu ɗauke da kaji. Yana kaiwa daidai inda direba ya ɗaga bulala, sai ya rufe baki ya ce, "Sauran yana kan igiya." Ita ce take ciro littattafan tana miƙawa. Kafin fitowar wannan waƙar, lokacin sauran littattafan, Kawu Baltazar kan tsaya gefe yana shan rake, yana cewa, "Ƙarya ne, hoton suke saye, ba muryarka ba." Babanta ya ce, "Hoton da jaki ya fi ka kyau?" Kasuwa ta kwashe da dariya.

"Kofinki zai huce," in ji tsohon.

Ta farfaɗo. Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi a firamare, don haka ta gyara zama ta fara daga farko.

"Kawu, hoto a waya ɗigo-ɗigo ne, kamar an jera ƙwayar wake. Wayoyin da, idonsu ba kaifi, ɗigo ɗari shida a faɗi ya ishe su. Na yanzu sun matse ɗigon ƙwarai, komai suna nunawa. Kantin nan dubu ɗaya da ɗari shida suke so a faɗi, dubu biyu da ɗari biyar da sittin a tsawo."

"Wa ya zauna ya ƙirga?"

"Na'ura."

"Ba ta da aikin yi."

"Genivaldo ya samo wani ɗan ƙaramin hoton bangon nan a intanet. Ya ja shi ya buɗa shi har ya kai girman. Duba."

Ta miƙa masa wayar. Ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya sake kusantowa.

"Mene ne wannan?"

"Akuyarka."

"Akuyata? Wannan buhun auduga ne da ruwa ya doka! Ina gashin? Kwana biyu na yi ina fitar da gashin nan ɗaya bayan ɗaya."

"In ka buɗa ƙaramin hoto, wake ɗin ba ya ƙaruwa, kumbura kawai yake yi. Shi ya sa suka ƙi."

"Sun kyauta. Yaron nan tun yana ƙarami haka yake, ya taɓa hura kwaɗo da kara."

Ba ta so yin dariya ba, amma ta kufce mata.

"Na biyu ni na yi," ta ce. "Na kai ɗan littafin nan aka ɗauke shi da na'ura, babba. Sai komai ya fito. Rubutun bayan shafin, tabon maƙali, inda tawada ta farfashe. Shi ma suka dawo da shi. Abu ɗaya ya rage, Kawu. Katakon. A shafa masa sabuwar tawada, a buga a farar takarda mai kauri, in kai a ɗauka. An ce yana wajenka."

"Wa ya ce?"

"Baba. Saura kwana uku ya rasu."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da gefen singileti. Ya daɗe yana gogewa.

"Shekara arba'in," ya ce, "ba wanda ya nemi ganin aikin nan da kyau sai waya."

Ya tashi ya shiga ciki. Ta ji ana jan akwati, ta ji yana zagin gwiwarsa. Ya dawo da abu naɗe a buhun fulawa, ya ajiye a teburin a hankali kamar ya kwantar da jariri.

Ya warware buhun, katakon ne. Ga motar, ga akuyar, ga yarinyar, duk sun juya ɗaya gefen. Gashin akuyar kuwa ɗaya-ɗaya, kamar yadda ya faɗa.

Zuleide ta ji idonta ya ciko. Don kada ya gani, ta laluba jaka ta fito da rula.

"Malamai!" in ji shi. "Har gidan mutane da rula."

Ta auna faɗi. Santimita sha ɗaya. Ta auna tsawo, ta yi ɗan lissafi a bayan ambulan. Sai ta ɓata fuska.

"Me kuma?"

"Ɗigo ba matsala yanzu, zai wadata har ya yi saura. Siffar ce. Bangon waya dogo ne, siriri. In faɗi sha ɗaya ne, tsawo ya kamata ya kai sha bakwai da rabi. Wannan ya gaza da kamar yatsa biyu."

"To?"

"Ko dai in datse gefe da gefe..."

"Ki datse me? Wutsiyar tana nan, gwiwar hannun yarinyar tana can. Ki taɓa wutsiyar nan in karɓe albarkata."

"Ko kuma in ƙara fili a ƙasa, in rubuta sunan Baba. Kamar dai yadda yake a ɗan littafin. Ka gani, sunansa a ƙasa da ƙananan haruffa."

"Kamar yadda ya yi," in ji tsohon.

Muryarsa ta canja. Ta ɗago.

"Zuzu, shekara sittin ina sassaƙa. Ban taɓa sa wuƙa a katako ba sai na auna takardar da za a buga. Ban taɓa yin gajere ba. Kawo yatsanki."

Ya kama yatsanta ya bi da shi gefen katakon na sama. Santsi. Gefen dama, santsi. Gefen hagu, santsi. Da ya kai ƙasa, sai ta ji kaushi, tsaga-tsaga, har wata 'yar sartse ta soke ta.

"Wannan aikina ne?"

"A'a."

"Aikin mene ne?"

"Zarto," ta ce a hankali.

"Zarto. Kuma mara kaifi."

Ya miƙa hannu kan wata kanta da ke jikin bango ya sauko da wani gwangwanin alawar gwaba da ya yi tsatsa. Ya buɗe shi a cinyarsa, ya juya mata baya.

"Je ki ɗauko takarda a ƙarƙashin teburin can. Mai kaurin. Kin tuna yadda ake yi?"

"Kawu, mene ne a ciki?"

"Na yi rantsuwa bakina ba zai faɗa ba. Ban yi rantsuwa a kan tawada ba. Ɗauko takarda."

Ta je ta ɗauko. Kafin ta dawo ya haɗa wani siririn guntun katako a ƙasan babban, ya matse su da ƙusa biyu a teburin, yana mirgina musu tawada. Baƙi a kan baƙi, ga kafaɗarsa ta tare, ba ta iya ganin komai ba.

"Ɗora. Kada ki ja. Sau ɗaya."

Ta ɗora. Ya miƙa mata cokalin katako na goga bayan takarda. Shi ne dai na da, bayansa ya yi sulɓi. Tana 'yar shekara bakwai ya koya mata, a kan teburin nan, tana tsaye kan gwangwanin madara.

"Daga tsakiya. A hankali, ba tukunya kike kankarewa ba."

Ta goga. Hannunta ya tuna abin da kanta ya manta. Tawada ta ɓata mata yatsu duka goma.

"Ɗaga ta kusurwa."

Ta ɗaga.

Akuyar ta fito kamar yau aka haife ta. Har zanen jikin itacen ya fito a sararin sama. A ƙasa, wani siririn farin layi ya ratsa hoton daga gefe zuwa gefe, inda zarto ya bi. Ƙarƙashin layin kuma, manyan haruffa farare cikin baƙi, da 'yan furanni biyu a gefe:

WAƘAR CARMELITA BEZERRA

Zuleide ta karanta. Ta sake karantawa.

"Sunan Mama ne."

"Auna," ya ce.

"Kawu..."

"Ke ce mai rula. Auna."

Ta auna. Sha bakwai da rabi, har da ɗan ɗoriya.

"Ya cika?"

"Ya cika."

Ta zauna a kan kujerar da ƙafarta ta mutu, ta kusa faɗuwa, ya tare ta.

"Amma Mama ninki take yi. Ita take ninke takardun ta ɗinke. Ban taɓa ganin ta da alƙalami ba sai in za ta rubuta cefane."

"Ke kin ɗauka yarinyar nan mai igiya ke ce, ko?"

"Haka Baba yake cewa a kasuwa."

"Haka yake cewa a kasuwa. Ke kin taɓa gudun fari? Uwarki ce. Akuyarta ce, tana 'yar shekara tara, aka bar ta a bakin hanya. A bayan kalanda ta rubuta waƙar, a madafa, tana jiran wake ya nuna. Shi yana da murya, wannan ba zan hana shi ba, Allah ya ba shi murya. Amma baitin nata ne."

"Duka goma sha biyun?"

"Wannan na sani. Sauran ki tambaye ta."

Zuleide ta dubi ɗan tsohon littafin, da sunan babanta a ƙasa, daidai inda guntun ya kamata ya zauna.

"Wa ya ce ka sassaƙa sunanta?"

"Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Shi! Shi da ƙafarsa ya zo nan, ya zauna inda kike. Ya ce, Baltazar, wannan karon sunan Lita za ka sa, manya-manya, kowa ya gani. Na ce ashe kai mutum ne. Kwana uku na yi a kan haruffan nan. Furannin ma kyauta na ƙara."

"Sai me?"

"Sai Asabar na je kasuwa, na ga littafi a igiya da sunansa. Na wuce ɗakin bugawa. Na sami guntun nan a ƙasa cikin garin katako. Na ce, Aprígio, me ya faru? Ya ce takarda ce ta gajarta. Na ce ga fili nan har ka sa sunanka. Ya ƙi kallona. Na ce tsoro ka ji, kada 'yan kasuwa su ce matarka ke ba ka baki. Ya ce, e, ni na yanke, sai me? Na ɗauki katakona na fito."

"Bai sake zuwa ba?"

"Sau ɗaya, shekarar da matata ta rasu. Ya tafa hannu a ƙofar nan. Ban buɗe ba."

Zuleide ta rufe ido. Ta ga hular fata, ta ji muryar. Mutumin da ya koya mata cewa ko fensir ta tsinta a aji ta kai wa malam. Shekara biyu tana tattara waƙoƙin nan, tana buga su baiti-baiti, tana kuka a kan wasu, don kada sunansa ya ɓace.

"Genivaldo ya buga riguna da hoton Baba," ta ce, kamar mai magana da kanta. "Limamin coci zai zo. Tsofaffin 'yan kasuwa za su zo."

"To ki sake yankewa. Na'urarku ai ba ta buƙatar zarto. Ki rufe ƙasan, ki sa sunansa, ki aika. Ni ba zan ce komai ba, na saba."

"Ba zan iya ba."

"To ki aika haka."

"Shi ma ba zan iya ba, Kawu! Babana ne!"

"Ita kuma uwarki ce. Kuma ita tana da rai."

Agogon bango ya buga sha ɗaya. Shagon da ke da na'urar ɗaukar hoto yana rufewa sha biyu, ba ya buɗewa sai uku.

Ta dubi wayarta a teburin, ta dubi yatsunta baƙi ƙirin.

"Danna mini, Kawu. Inda aka rubuta Mama. A'a, ba nan ba, wannan mai gas ne. Ƙasa. Yauwa. Danna wancan kuma, mu ji tare."

Wayar ta yi ƙara sau huɗu. Sai ga muryar tsohuwa, da rediyo yana waƙa a bayanta.

"Zuzu? Ina kika shiga tun safe? Na dafa kabewa, ta huce."

"Mama, ina gidan Kawu Baltazar."

Aka kashe rediyon.

Zuleide ta ɗauka layin ya yanke.

"Mama?"

"Ya ba ki guntun?"

Zuleide ta dubi tsohon. Bakinsa a buɗe.

"Kin san yana wajensa?"

"Wa zai tsince shi in ba shi ba? Mutumin da ko ƙusa ba ya yarwa. Furannin sun fito?"

"Sun fito, Mama. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Me ya sa kika bar Baba ya..."

"Dakata. Yana kusa? Baltazar, tsohon kurma, kana ji na?"

Ya matso da fuskarsa kusa da wayar, ya kai hannu zai cire hular da babu ita a kansa, ya mayar da hannun.

"Ina jin ki, Lita."

"An ce ba ka zo jana'iza ba. Na duba, ban gan ka ba."

"Kin san dalili."

"Na sani. Kai ne ba ka sani ba. Kai da ka yi shekara sittin da katako, ka dubi yankan nan da kyau? Aprígio ɗan kafinta ne. Ka taɓa ganin ya yi yanka a karkace haka?"

Tsohon ya kai yatsa ƙasan katakon. Yatsan ya tsaya cak.

"Lita..."

"Ranar yana birnin Recife sayen takarda. Da ya dawo ya gani, zama ya yi a ƙasa yana kuka. Ni na sa shi ya rantse zai ce shi ne."

"Mama, me kike cewa?"

"Zuzu, babanki bai taɓa zarton nan ba. Ni na yanke sunana da hannuna."